Maganin da ƴata ta ajiye saboda azumi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya ku ƴan'uwa, kun saba ina amsa tambayoyinku a wannan zaure a kan tsarki da salla da azumi. Tambayar yau daga cikin gidana ta fito, kuma sai da na yi kuskure a kanta kafin Allah Ya nuna mini amsa. Na nemi izinin ƴata da na mijinta kafin in rubuta, suka ce in rubuta, ko Allah zai sa wani gida ya tsira daga abin da ya same mu.

Tana da shekara 26 da ƴaƴa biyu lokacin da abin ya fara. Da farko idonta ɗaya ne ya dushe, yana ciwo idan ta juya shi, bayan ƴan makonni ya washe, muka ce Allah Ya yaye. Can bayan watanni sai ƙafafu suka yi nauyi. Da dare ƙafar dama takan sandare kamar taɓarya, ta dinga fizga ita kaɗai har barci ya gagara. Sai kuma gajiya: hantsi bai gama ɗagawa ba ta kwanta kamar wadda ta yini a gona. Wasu suka ce son jiki ne, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu.

Ni ma ban kuɓuta ba. Wata rana da ta zo gida na gan ta tana sallar azahar a zaune, alhali da safe na gan ta tana shara. Da ta sallame na ce mata: "Wanda ya iya share tsakar gida a tsaye, ai ya iya tsayawa gaban Ubangijinsa." Ta sunkuyar da kai, ta ce: "To, Baba." Ba ta ƙara komai ba.

A Yamai aka gano cutar, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da na lakarta da na'urar da ake kira IRM. Da Faransanci ana ce mata sikileroz an pilak, kuma wani likitan birnin Paris mai suna Charcot ne ya bayyana siffofinta a 1868. Likitan da ya duba ta ya misalta mana da wayar wutar lantarki: kowace jijiya tana da rigar da ta lulluɓe ta kamar robar waya, sai garkuwar jikin mutum ta juya tana cin wannan riga. Inda ta zaizaye, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓi yakan makara, ko ya rikice, ko ya yanke. Cutar ta fi kama mata, ta fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi yawa a ƙasashen sanyi. A wajenmu ba kasafai ake ganinta ba, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ta ba.

Ya ƙara da wata magana da ta sa na ji kunyar kaina. Ya ce zafi yana tsananta alamun wannan cuta: idan jiki ya ɗauki ɗumi, saboda rana ko aiki ko zazzaɓi, jijiyar da rigarta ta lalace sai ta ƙara kasawa, idan jiki ya huce ta dawo yadda take. Ashe ƙafar da ta yi shara da sanyin safiya, ita ce ta kasa ɗaukarta da azahar. Gaskiya yarinyar take nuna mini da safe, gaskiya take nuna mini da rana, ni ne ban sani ba.

Akwai magungunan rage tasowar cutar kanta, masu tsada da wuyar samu. Akwai kuma na sassauta wahalarta ta yau da kullum, kuma a kansu nake son ku saurare ni. Domin sandarewar ƙafa aka rubuta mata baklofen, sau uku a yini. Da kaɗan ake farawa, ana ƙarawa sannu a hankali, domin idan ya yi yawa yakan kawo gyangyaɗi, ya saki ƙafar har ta kasa ɗaukar mai ita; wani majinyacin ma da ɗan ƙarfin sandarewar yake iya tsayuwa. Akwai wani mai suna tizanidin, wanda yakan busar da baki, ya saukar da hawan jini, kuma akan riƙa auna lafiyar hanta saboda shi. Wani lokaci akan ba da diyazefam da dare, amma jiki yana saurin sabawa da shi. Likitan ya ce idan fizgar ta tsananta kwatsam, kafin a yi zancen ƙarin magani a duba ko akwai ciwon mafitsara, ko taurin bayan gida, ko gyambo, ko zazzaɓi, domin su ne sukan tayar da ita.

Ita kuwa gajiya, tana cikin alamun da suka fi damun masu wannan cuta, ga shi ba a ganinta da ido. Akan gwada amantadin ko modafinil, ana shan su da wuri domin sukan hana barci. Amma likitan bai ɓoye mana ba, ya ce amfaninsu bai tabbata ga kowa ba. Abin da ya fi yi wa ƴata aiki shi ne a gyara mata barcin dare, a duba ƙarancin jini, ta yi aikinta da sassafe, ta yi ƙailula, ta watsa ruwan sanyi idan rana ta take, ta kuma riƙa miƙe gaɓoɓi kullum kamar yadda likitan motsa jiki ya koya mata.

Ana nan sai azumin 2022 ya kama, a watan Afrilu, tsakiyar zafin bazara. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ɗauki azumi. Da ta ga ba ta shan maganin rana, sai ta ce bari ta ajiye shi gaba ɗaya har bayan salla. A dare na uku mijinta ya kira ni. Na tarar da ita jiki ya sandare, tana sambatu, tana ganin abin da babu shi, daga nan jijjiga ta kama ta. Aka garzaya da ita asibiti, Allah Ya kiyaye. Likita ya ce baklofen ba a yanke shi lokaci ɗaya, domin jikin da ya saba da shi yakan yi tawaye har abin ya kai ga halaka. Idan za a bari, a hankali ake ragewa, cikin mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, da sanin likita. Ya ce da sun zo masa tun watan Sha'aban, da an zauna an duba ko za ta iya azumin, da yadda za a jera mata lokutan sha.

Da ta farfaɗo na tambaye ta dalili. Ta ce: "Baba, na ji tsoro kada ka sake ganin ina neman sauƙi a addini." Wallahi ƴan'uwa, ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba. Shekaru ina karantar da mutane rangwamen da shari'a ta yi wa majinyaci, amma ƴar cikina ta ji tsoron karɓarsa saboda kalma ɗaya da na furta.

Alhali hukuncin a fili yake. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san halaye bakwai na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a gefen dama, da gefen hagu, da rigingine. Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, yana fama da basir ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ba shi izinin zama idan tsayuwa ta gagara, da kwanciya idan zama ya gagara. Kowace salla da halin da ta riski mai ita ake yi mata hukunci. Wanda ya tsaya da asuba ya zauna da azahar saboda ƙafarsa ta ƙage, sallolinsa biyu sun inganta.

Haka azumi. Haɗiye ƙwayar magani da rana yana karya shi, wannan babu shakka. Amma an yarje wa majinyaci ya sha ya rama. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan azumin wajibi ne a kansa. Wanda kuma ba ya iya ramawa a kowane lokaci na shekara, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowane yini. Mai wannan cuta ya tambayi likitansa kafin wata ya tsaya, sannan ya kawo wa malami abin da likita ya ce, domin malami ba ya yanke hukunci a kan jikin da bai san halinsa ba.

Ina roƙonku abu uku. Kada ku sayi maganin sandarewa ko na gajiya wajen masu yawo da shi a kwali cikin rana. Taramol da ake sha don ƙarfin aiki yana iya jawo jijjiga, kuma haɗa shi da magungunan da ke sa barci yana iya danne numfashi. Kada ku ce wa majinyaci ya ajiye magani don yana ruƙiyya. Mu ma muna addu'a ba mu fasa ba, kuma neman magani yana cikin riƙo da sababi, bai saɓa wa tawakkali ba. Sannan idan kun ga matashi yana salla a kan kujera a gefen sahu, ku kame harshenku, ku gyara masa wuri inda iska take kaiwa.

Yau ƴata tana shan maganinta a kan lokaci. Wata rana ta yi salla a tsaye, wata rana a zaune. Idan zafi ya wuce, sanyin hunturu ya shigo, takan rama abin da likita ya yarje mata. Na nemi gafararta a gaban mahaifiyarta, ta ce ta yafe tun tuni.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa cutar ta zama kaffara, Ya gafarta mana abin da harsunanmu suka ɓata. Allah ne Mafi sani.