Suna Biyu, Jeri Ɗaya

A daren da zan miƙa rahoton zaɓe, na zuba sunayen mazaɓu cikin jeri a Vim, manhajar rubutun da Bram Moolenaar ya ƙirƙira. Don gudun asara, na ba jerin suna na biyu, ina zaton na ajiye kwafi. Na goge mazaɓu uku daga na farko, na haɗa rahoton da na biyu. Da asuba edita ya kira: ina mazaɓu uku?

Ashe alamar daidai ba ta kwafe jeri. Laƙabi kawai take ƙara masa. Kowa ya taɓa Garba, ya taɓa Abubakar. Mai son kwafi sai ya kira copy(), ko deepcopy() idan akwai jeri cikin jeri. Tun ranar nake yin haka.