Ashe Kuka Da Auduga Dangi Ne

A zangon da ya wuce na faɗi wata tambaya a jarrabawar kimiyyar halittu, har na sauka daga na biyu zuwa na huɗu. An ce mu ambaci tsire-tsire uku dangin auduga. Na rubuta kuɓewa da rama, na tsaya. Na kusa da ni ya ƙara da kuka, ya ci. Ni kuwa na haddace a wani tsohon littafin laburare cewa kuka da rimi gidansu daban. Na ɗauki littafin na tafi wurin Malam, ina huci.

Malam ya ce littafin bai yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce shi. A shekarar 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya tsara tsire-tsire, ya ba kowane suna biyu, kamar sunan gida da na yanka. Shi sassan fure yake ƙirgawa. Shi ne ma ya raɗa wa kuka Adansonia digitata, don tunawa da Adanson, Bafaranshen da ya ga itacen a Senegal a 1749. Na bayansa suka dubi ganye da 'ya'ya da girman itace, suka ware kuka da rimi gefe guda, goro gefe guda, lalo ma haka. Da aka iya karanta sinadarin gado da ake kira DNA, sai a 1998 masana suka haɗe su duka da auduga a gida ɗaya. Wai goron da ake kai wa neman aure ɗan'uwan kuɓewa ne!

Ban gamsu ba sai da na koma Bakori hutun damina. Na shiga gonar audugar Baba, wadda daga ita kuɗin littattafaina ke fitowa in an kai Funtuwa. Na tsinki furenta, na jera da na kuɓewa da na rama. Kai ka ce uwa ɗaya ta haife su: kunnuwa biyar, ga wani tsinke a tsakiya mai gari-gari. Furen kuka tuni ya zube, amma na tuna farin nan mai reto da ke buɗewa da dare, jemagu na binsa, shi ma da tuntu a tsakiya.

Da yamma na ba kakata labari tana kaɗa miya. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Kai dai, mai gidana, an ci kuɗin ubanka. Kuka da kuɓewa da lalo da karkashi, ai duk miyar yauƙi ce. Wa bai san wannan ba?”

Na ce uku ta ci, amma karkashi dangin riɗi ne, haka Malam ya ce.

“To, malaman naku ba su gama ba,” in ji ta. “Miƙo mini daddawa.”