Neman robar Fijo a Panteka

Ranar Asabar na raka wani darakta tsohuwar Panteka da ke Kaduna, cikin Fijo 504 da ya aro don sabon fim ɗinsa. A 1975 aka fara harhaɗa irinta a garin nan. Sai dai robar ƙofofinta ta bushe ta tsattsage, ruwan sama har kan kujera, ga lokeshan jibi!

Kai jama'a, Panteka duniya ce: ƙarar guduma, tartsatsin walda, ƙarafa tsibi-tsibi. Wani dattijon bakanike ya ɓamɓare tsohuwar robar, ya kankare tsatsa, ya shafa gam, ya bi da sabuwa a hankali.

"Yaro, ba a jan ta," in ji shi. "In ka ja, gobe ta tsuke ta bar kafa."

Muka sheƙa mata bokitin ruwa. Ko ɗigo bai shiga ba!