Wai Ƙarfen Asibiti Ya Na Tsatsa?

Mai karatu, a finafinan mu karaya ba ta da wuya. Mota ta kaɗe jarumi, a nuno shi kwance an naɗe ƙafa da bandeji, budurwa ta zo ta na kuka, a yi waƙa ɗaya, sai ga shi ya miƙe ya na dogara sanda. Amma in ka saba bin titin Gusau zuwa Tsafe ka san abin ya wuce nan. A hatsarin wannan hanya ƙashi kan fasa nama ya leƙo waje, kuma tun a bakin titi ake soma gardama: asibiti ko gidan maɗori?

Sau da yawa maɗori ke cin gardamar. Akwai batun kuɗi, ba na musu, amma akwai kuma tsoron ƙarfe. Kawu na da ke Bungudu, da babur ya karya ma sa cinya, cewa ya yi, "Ɗan nan, ba a sa mani ƙarhe, tsatsa shi ka yi!" Ban ga laifin sa ba. Bazamfare bai manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Wanda ya ga wannan, ya za ka ce ma sa a bar ƙarfe a jikin sa?

Sai dai ƙarfe suna ya tara. Na likita ba na maƙera ba ne, haɗi ne da aka daɗe ana gwadawa don ya zauna cikin jini da nama bai ci ba, bai saki guba ba. A shekarun 1950 wani likita ɗan Suwidin, Branemark, ya sa ƙarfen taitaniyam a ƙashin zomo don wani bincike. Da ya zo cirewa sai abu ya ƙi, ashe ƙashin ya kama shi gam kamar ɗan'uwan sa. Yau ana garwaya taitaniyam da alminiyam kashi 6 cikin 100 da banadiyam kashi 4 don ya ƙara ƙwari.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wai ƙarfin ma in ya yi yawa matsala ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya ninka ƙashi tauri kusan sau 10, sai ya ɗauke duk nauyin, ƙashi kuma ya sangarce ya sirance, kamar ɗan da aka hana aiki. Shi ya sa masana ke ta neman haɗin da zai riƙa ɗan lanƙwasa irin na ƙashi. A 2013 ma an amince a Turai da wata kusar magniziyam ta Jamus, wadda ke narkewa a hankali bayan ƙashi ya haɗe, ba sai an sake tsaga mutum ba.

Maɗora sun taimaki jama'a, Allah ya saka ma su. Amma karayar da ta yi rauni a buɗe, in aka matse ta da karare da tsumma, jini na iya tsayawa, ƙafa ta ruɓe, a ƙare da yankewar da ake gudu. Irin wannan ta Asibitin Tarayya na Gusau ce, ko na ƙashi da ke Dala a Kano.

Shi Kawu, sai da 'ya'yan sa su ka yi da gaske aka zura ma sa ƙarfe a ɓargo. Ya koma gona da ƙafar sa. Har yau dai in hunturu ya kama ya kan ce ƙarfen na jin sanyi, ya sa a hura ma sa wuta.