Gurara: Ko kogin nan zai iya zama makarantar tuƙin farin ruwa?

Mafi yawan masu ratsewa Gurara daga hanyar Suleja zuwa Minna, magangarar ruwan ce ke kawo su, su ga yadda kogi ke rikitowa daga tsayin kimanin mita 30 da ƙugi mai kurmantarwa. Ni kuwa ƙasan magangarar ne ya kai ni, inda ruwan ke kutsawa tsakanin duwatsu yana kumfa. Irin wannan ruwa, wanda ake kira farin ruwa, a wasu ƙasashe makaranta ce sukutum: mutane na biyan kuɗi a koya musu sarrafa ƙaramin kwale-kwale ko jirgin roba a cikinsa.

Masu wannan sana'a sun kasa gudun ruwa mataki shida. Na ɗaya lafiyayye ne, na shida kuwa sayar da rai ne. Ɗalibi na biyu yake bukata, in hannunsa ya faɗa ya shiga na uku. Saboda haka magangarar kanta ba ta cikin lissafi. Abin da malami ke nema shi ne gajeren gudu wanda kwantaccen gurbi ke biye da shi, domin in jirgi ya kife a tsamo mutum cikin sauƙi. Yana neman lungun bayan dutse inda ruwa ke juyowa ya lafa, a tsaya a huta, da gaɓar da mai igiyar ceto zai samu wurin kafa ƙafa. Abin tsoronsa dutsen da ruwa ya ƙwaƙule ta ƙasa, da itacen da ya faɗi ya gitta, don su ne ke riƙe mutum a ƙarƙashin ruwa. Na bi gaɓar da ƙafa, na ga guraben, na kuma ga duwatsun da ba zan yarda ɗana ya kusance su ba.

Babbar matsalar ita ce lokaci. A watan Agusta kogin jajir yake, ya shafe komai. A Fabrairu duwatsu ne tsirara, jirgi sai dai ya yi ta gurzuwa. A ganina ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, shi ne damar da ake da ita, kuma makarantar wata biyu ba ta ciyar da malami.

Sai batun madatsar da ke can sama a Jihar Kaduna, wadda ke tura ruwa Abuja ta madatsar Usuma. In aka saki ruwa ba sanarwa ɗalibai na cikin kogi, sai dai ta'aziyya; in kuwa aka tsara ranakun sakinsa, shi zai tsawaita lokacin karatu. Madatsa ba ta wasa da farin ruwa. A Jinja ta Yuganda, madatsar Bujagali da aka ƙaddamar a 2012 da ta Isimba a 2019 sun haɗiye wurare da dama da 'yan tuƙi ke ji da su a kogin Nilu. A nan gida ma, duwatsun Bussa da suka ci Mungo Park a 1806 suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Malamai ba za su yi wuya ba, ga Nufawa da Sarkawan Yawuri da suka gaji filafili, ko da yake faffaɗan ruwa suka saba da shi, sai an horar da su. Kafin a sayi jirgi ko ɗaya, zan so Gwamnatin Neja ta kafa ma'aunin ruwa a ƙasan magangarar, a riƙa rubuta tsayinsa kullum har shekara ta zagayo, sannan a auna mintoci nawa ne daga gaɓar zuwa asibiti mafi kusa.