Zare: yadda na zaɓi injin tuƙin kwale-kwale na motsa jiki a gida 🧵

1/
Tun ranar da na saka hoton injin nan DM ɗina bai huta ba. "Mene ne wannan?" "Wai kwale-kwale za ki tuƙa a tsakiyar Kano?" 😂 To bari in yi bayani sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in turo masa zaren. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/
Ni ɗaliba ce, aji uku. Rayuwata lacca, laburare, zaman kujera, sai Indomie da daddare. Hawan jini kuma a gidanmu kamar gado ne, Mama na shan magani, yayarta ma haka. Da aka auna ni a bara likita ya ce bai kai na magani ba, amma a shekaruna bai so lambar da ya gani ba. Ya ce in motsa jiki.

3/
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Faɗa da sauƙi. Mace ta fito gudu a layinmu da sassafe? Kafin ta kai bakin titi labari ya kai wa Baba. Gidan motsa jiki kuma ga kuɗin wata, ga na adaidaita zuwa da dawowa. Dole abin ya zama a cikin ɗaki.

4/
Injin gudu na fara sokewa. Yana son wuta tsayayyiya, mu kuwa kun san mu da NEPA, kuma ɗan solar gidanmu fanka da fitila kawai yake iyawa. Keken ɗaki ba laifi, sai dai ƙafa kaɗai ke aiki. Yaya ne ya ce, "Ki duba na tuƙi mana."

5/
Ga yadda yake: ka zauna kan kujera mai zamewa a kan dogon ƙarfe, ka ɗaure ƙafafunka, ka kama mariƙi ka ja. Ba irin tuƙin masuntan Yauri ko Argungu ba ne, da ake fuskantar gaba da filafili ɗaya. Wannan kwaikwayon na gasar Olympics ne, inda ake juya wa hanya baya a yi tseren mita 2000.

6/
Ɗan ratse: a Olympics ta Landan a 2012 wani ɗan Nijar, Hamadou Djibo Issaka, ya shiga wannan tseren bayan horon wata uku kacal. Na ƙarshe ya zo, amma filin ya ɗauka da tafi. A 2016 kuma Chierika Ukogu ta tuƙa wa Najeriya a Rio. Don haka kada wani ya ce min wasan Turawa ne kawai 😌

7/
Abin da mutane ba su sani ba: ba aikin hannu ba ne. Mafi yawan ƙarfin daga ƙafa yake fitowa. Ka tura da ƙafa, ka ɗan kwanta da baya, sannan hannu ya ƙarasa. Wajen komawa sai ka juya: hannu, baya, ƙafa. Kuma tunda a zaune kake, babu dukan ƙasa da ke wahalar da gwiwa irin na gudu.

8/
Iri huɗu ne a kasuwa, bambancinsu shi ne abin da ke yi maka turjiya in ka ja: mai, iska, ruwa, ko maganaɗisu.

9/
Na mai shi ne mafi araha, shi za ku fi gani a shagunan intanet. Abu ne kamar shok ɗin babur a ƙarƙashinsa. In ka daɗe kana ja man ciki yana yin zafi, ƙarfinsa ya ragu, wani har ya fara yoyo. A zafin Afrilun Kano? Ban ma tsaya ba.

10/
Na iska shi ne sarki, ba gardama. Fanka ce a cikin keji, iya ƙarfin da ka ja iya turjiyar da za ta ba ka. Wanda duniya ta sani shi ne Concept2, na wasu 'yan'uwa biyu, Dick da Peter Dreissigacker, a jihar Vermont ta Amurka. Na farkonsu a 1981 da kayan keke suka haɗa shi. Yau ƙwararru da shi suke auna kansu.

11/
Wallahi na so shi. Ba ya buƙatar soket, allonsa batir biyu ne manya, kuma yana samun wuta daga jan da kake yi. Yana ɗaukar mutum har kilo 227, yana rabuwa gida biyu in za a ajiye. Lambar da ya ba ka a Kano daidai take da ta wanda ke Landan, za ka iya gwada kanka da kowa.

12/
Amma kuɗinsa a can Amurka ya kusa dala 1000, kafin kuɗin jirgi da kwastam. Ku buga da canjin yau, ni ba zan rubuta ba kada in yi kuka 😭

13/
Ko da kuɗin ma, akwai abu biyu da masu bidiyon YouTube ba sa damuwa da su don ba a gidanmu suke ba. Na ɗaya ƙura. Injin iska zuƙar iskar ɗaki yake yi. Ku tuna yadda tebur ke yin fari cikin awa biyu da hunturu. Duk wannan cikin kejin fankar za ta taru, kuma kamfanin da kansa ya ce in ta taru tana canza nauyin jan. Sarƙarsa ma ana sa mata mai duk bayan awa 50 na aiki, mai da ƙura kuwa kun san abin da suke haifarwa. Ana iya kula da shi, amma aiki ne.

14/
Na biyu ƙara. Duk ja ɗaya sai ya yi "fuuu" kamar ana hura zugazugi. Lokacin da nake da shi kaɗai bayan sallar asuba ne kafin in fita makaranta, daidai lokacin da Baba ke komawa barci, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nasa. Injin da zai sa a ce "a fitar min da abin nan" ba shi da amfani ko da na zinare ne.

15/
Na ruwa ya fi kowanne kyau a ido. Irin su WaterRower da katako ake yin su, ga tankin ruwa a gaba, sautinsa kamar kana bakin kogi, kuma ana iya jingine shi a tsaye. Sai dai ruwan yana son kulawa: a riƙa jefa masa ƙwayar tsaftacewa, a kauce wa rana don kada ya yi gansakuka. Tambayata ɗaya ce: in tankin ya tsage, wa zai gyara min a garin nan?

16/
Saura na maganaɗisu. Faifan ƙarfe ne ke juyawa kusa da maganaɗisu ba tare da sun taɓa juna ba, shi ya sa ba shi da ƙara, ƙarar kujerar kawai za ka ji. Cikinsa kuma a rufe yake, ƙura ba ta samun hanya sosai.

17/
Yana da nasa aibun, ba talla nake ba. Jansa bai kai na iska daɗi ba, inda ka saita shi nan yake tsayawa kusan ko ka ƙara ƙarfi. Lambobin allonsa kuma, musamman masu araha, kada ka yarda da su ɗari bisa ɗari. In ya ce ka ƙona kalori kaza, ka ce to. Ni ba gasa za ni ba, zuciyata nake so ta yi aiki, don haka na yafe.

18/
A kula: wasu na maganaɗisun sai an jona su da wuta kafin a canza nauyin jan. Ku nemi mai maɓallin murɗawa da hannu. Wannan tambayar ku fara yi wa mai shago.

19/
Kafin kuɗi su fita, ɗauko tef ɗin tela. Concept2 tsawonsa santimita 244 ne, sauran ma yawanci suna kusa da mita biyu, ga kuma wurin da bayanka zai kwanta. Ɗakinmu ni da ƙanwata, gado biyu da wadirob. Sai da na shimfiɗa igiya a ƙasa na ga in an matsar da teburin karatu zai shiga. Don haka na nemi mai naɗewa.

20/
In kai dogo ne, duba tsawon ƙarfen. Dole ƙafarka ta miƙe gaba ɗaya ba tare da kujerar ta daki ƙarshe ba. Yaya dogo ne, kuma da kuɗinsa a ciki, don haka da ƙafarsa muka auna. Duba kuma nauyin da aka rubuta yana ɗauka, kada ka sayi wanda kake dab da iyakarsa.

21/
Na hannu muka saya. Kuɗin adashena na wata takwas, Yaya ya cika. Sharaɗina ɗaya: sai na hau. Guda uku na gwada, kowanne minti goma. Ɗaya kujerarsa na tsalle a tsakiya, mai shagon ya ce mai kawai take so. Na leƙa ƙasa, tayarta ɗaya ta cinye. Wani igiyarsa ta fara zarewa a gefe, kuma ba ta komawa ciki da sauri in ka saki.

22/
Na ukun muka ɗauka. Kujera na tafiya sumul, igiya lafiya, madaurin ƙafa bai tsinke ba, babu tsatsa a inda aka yi walda. Na sa aka naɗe shi aka buɗe a gabana har sau biyu.

23/
Mai ciwon baya, mai juna biyu, ko wanda ke shan maganin zuciya ko hawan jini, don Allah a tambayi likita kafin a hau. Kuma kada a fara da murɗa shi zuwa ƙarshe don burga. Ja 20 zuwa 24 a minti ɗaya, baya a miƙe, ya isa ya jiƙa maka riga.

24/
Yanzu wata na uku ke nan. Na fara da minti takwas ina haki, yanzu ina yin 25, sau biyar a mako. In na gama in goge ƙarfen da tsumma, in rufe shi da tsohon zanin gado. Baba har yau bai ce komai ba, wanda a gidanmu yabo ne 😂 Mama ta ce ranar asibitinta mai zuwa za ta tambayi likitanta ko ita ma za ta iya minti biyar. Ni kuma awona na gaba bayan jarabawa ne.