Kafin ka sayi tsohon garmaho, fara duba bayansa

Yau ba maganar waya zan yi ba, a yi haƙuri.

Bayan rasuwar kakanmu a Malumfashi aka buɗe adakarsa, sai ga faifan garmaho 11, yawanci na Shata, biyu na Ɗan Maraya Jos. Baba ya ce shi dai burinsa ya sake jin su. Ni da nake gyaran waya a Funtua na ɗauka ai abu ne mai sauƙi. Ana sayar da masara na hau mota sai Sabon Garin Kano, na sayo wani garmaho na hannu, fes da shi. Ina dawowa na jona a soket. Ko juyi ɗaya bai yi ba, sai ƙauri da hayaƙi. Sai a lokacin na leƙa bayansa: 120V. Kayan Amurka ne. Ni da kullum nake yi wa mutane faɗa kan caja!

To malam, idan za ka saya, karanta rubutun baya tukuna. Wutarmu 230V ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Irin waɗannan sai da taransifoma mai rage wuta. Ko da ita ɗin ma, wasu na Amurka saurin injinsu yana bin 60Hz, mu kuma 50 gare mu, sai ka ji Shata yana jan murya kamar bai gama farkawa ba.

Ka tafi da faifan da ba ka ji da shi sosai, a gwada a gabanka, a 33 da 45. Idan sauti yana rawa, galibi robar da ke juya farantin ce ta saki, wannan da sauƙi. Allura kuwa kar ka yarda da tsohuwa. Cin faifai take yi, kuma abin da ta ci ya tafi kenan. Amfilifaya ka tabbatar tana da ramin da aka rubuta PHONO, in babu za ka ji ƙarar kamar kukan sauro.

Na biyun da na samu Technics ne, jikinsa duk ƙujewa, amma lafiya lau. Ranar da na kunna, Baba bai ce uffan ba, aikawa kawai ya yi a kira masa ƙanensa. Yanzu ina kwafe su cikin waya, saura huɗu. Ɗaya zafin ɗaki ya lanƙwasa shi, har yanzu ina tsoron ɗora masa allura.